Warin baki: me ya yi muku magani?

Mai kayan gwari, kasuwar Mile 12, Legas:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena da ke taya ni a rumfa yana fama da warin baki, har masu saye na ja da baya idan ana ciniki. Safe da dare yana goge baki. An ce daga ciki ne, ya sha jiƙo kala-kala, shiru kake ji. Wanda ya taɓa fama da wannan ya taimaka mana.

Direban tirela, Apapa:
Wa alaikumus salam. Ni nawa ƙishirwa ce ta jawo. Idan muna layin shiga tashar jiragen ruwa sai mutum ya wuni a mota, ba ya shan ruwa don gudun fitsari, sai goro da sigari. Baki ya bushe ƙayau. Yawu ne ke wanke baki, shi ya sa warin ya fi tashi da asuba da lokacin azumi. Tun da na bar sigari na riƙa ajiye gorar ruwa kusa da sitiyari, maiɗakina ta daina ƙorafi.

Ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba:
Malam, don Allah ku bar cikin yaron nan ya huta da jiƙe-jiƙe. Mafi yawan warin baki a cikin bakin yake. Ka sa shi ya fito da harshe ka duba can baya, za ka ga wani farin datti. Ƙwayoyin cuta ne ke zaune a wurin suna cin ragowar abinci, suna fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Mutane da yawa haƙora kawai suke gogewa, harshe ko oho.

Sai dasashi. In yana jini lokacin goge baki, akwai ciwo. Haka ya faru da maigidana: datti ya daskare a gindin haƙoransa, irin wanda buroshi ba ya cirewa. Sai da aka kankare masa a sashen haƙori na LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, aka cike wani kogo, sannan muka samu lafiya. Minti da yake ta sha ɓoye warin kawai yake yi, sukarin cikinsa ma ƙara ciyar da ƙwayoyin yake.

Mai tsire, Obalende:
Nama in ya maƙale tsakanin haƙora ya kwana, shi ke nan. Ni zaren sakace na kemis nake amfani da shi, tsinke yana fasa min dasashi. Albasa da tafarnuwa kuwa ko ka goge baki sai sun gama lokacinsu, don jini suke shiga su fito ta numfashi.

Hajiya, Agege:
Tawa 'yar hanci ne ya toshe mata, tana barci baki buɗe, majina na gangarowa maƙogwaro. Da aka magance hancin warin ya tafi. Amma ni fa ban ga abin da ya kai aswaki ba, da ɗan kanumfari a tauna.

Ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba:
Gaskiya ne Hajiya, aswaki na aiki, a dai riƙa yanke bakinsa ana sabuntawa, a haɗa da man goge baki. Buroshi kuma a canja bayan wata 3. In an gyara harshe da dasashi da hanci warin bai tafi ba, musamman ga mai yawan ƙishirwa da fitsari, a je a auna sukari.