Maket ɗin jirgin ruwa: me za mu ce masa da Hausa?

1/ Jiya a rumfar masassaƙa da ke gidan tarihi na Bubu Hama, nan Yamai, na ɗauki wani ɗan kwale-kwale na icce, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Har mazaunin matuƙi an fidda masa. Na ce, "Baba, mene ne sunan wannan?" Ya ce maket. Na ce, da Hausa fa? Ya yi dariya, ya ce shi dai kuɗinsa ya sani, jika biyar.

2/ Na kai maganar zaurenmu na WhatsApp. Wani ya ce "jirgin wasa". Ban yarda ba. Abin wasa shi ne motar kara da muka ƙera muna yara, a ja ta da zare har ta wargaje. Wannan kuwa ajiye shi ake yi, wasu ma tara su suke, a kulle cikin akwatin gilashi.

3/ Kuma sana'ar ta tsufa. A 1920 aka buɗe wani ɗaki a kabarin Meketre, babban bafaden Fir'auna, kusa da Luksor a Masar. Aka tarar da ƙananan jiragen icce da matuƙansu, sun kusa shekara 4000 a rufe. Yau wasunsu na Alƙahira, wasu na New York. Wa zai ce wa wannan wasa?

4/ Wata malama ta kawo "samfur". Ta kusa. A Ingila, tun ƙarni na 17, ana sassaƙa wa hukumar sojan ruwa ƙananan jiragen yaƙi bisa awo, galibi 1 bisa 48: santimita 1 a ƙarami, 48 a babba. Sai dai samfur a kunnen Bahaushe kayan kasuwa ne, irin ƙyallen atamfa da ake nuna wa mai saye. Fursunonin Faransa da aka tsare a Ingila lokacin yaƙe-yaƙen Napoleon, suna gyara ƙashin naman da aka ba su su haɗa jirgi da shi su sayar, ai ba samfurin kowa suke yi ba.

5/ "Jirgin ado" ma an faɗa. Ya yi daɗin baki, amma ya manta da awo, alhali awon nan shi ne ƙashin bayan abin.

6/ Ni dai na tsaya a kan "jirgin kwatance". Ya bi sahun jirgin sama da jirgin ƙasa, jam'insa ba gardama: jiragen kwatance. Kwatance kuwa shi ne ka nuna wa mutum abin da ba ya gabansa, yadda zai gane shi. Haka za a ce gidan kwatance, ko gadar kwatance, ga masu zanen gini.

7/ Abokina na Tawa ya rubuto wai su da ba su da kogi, duk jirgin ruwa a wurinsu na kwatance ne. Na bar shi da Allah.

Asabar zan koma wajen Baba in gwada masa kalmar, in ga ko zai rage mini jika guda.