Musayar waƙa: me ya tada Amurkawa a farkawar addini ta farko?

Malamin Tarihi: 'Yan uwa, a shekarun 1730 da 1740 Kiristocin Amurka sun yi wata farkawa mai girma. Me ya jawo ta? Ga nawa:

Kakanni sun ratso teku don ibada,
Jikoki na zuwa coci don al'ada,
Fasto Jonathan Edwards ya yi tsawa a garin Northampton,
Wajen mutum ɗari uku suka ba da shaida.

'Yar Gusau:

Malam, ka hau mumbari ka manta maƙabarta,
Ciwon maƙogwaro ya shiga gari ya kwanta,
Daga 1735 yara dubbai ya kwashe,
Uwar da ta binne biyu, in ba Allah ba wa gare ta?

Malamin Tarihi:

Ƙanwata, kin riga malam masallaci,
Tun 1734 aka cika coci,
Annobarki ta zo bayan lokaci,
Ta dai ƙara wa miyar ɗaci.

Baba Na Kwari: Kai! Malam ya gama magana. A ba shi filin.

Uwar Biyu: Wane fili, Baba? Baitin 'Yar Gusau ya sa ni hawaye. Kullum kai ɗan amshin shatan Malam ne.

Ɗan Kasuwa:

Kun bar jaki kuna dukan taiki,
Mai wa'azi Whitefield daga Ingila shi ya yi aiki,
Franklin mai maɗaba'a na buga wa'azinsa a Filadelfiya,
Kafin ya iso an cika fili kamar biki.

Mai Aruli: Gafarta Malam, ta yaya za a rera "1734"? Faɗe ta da baki ka ji, ɗangon ya ninka 'yan uwansa tsawo. Kari ya karye. Baitinka na farko ƙwar huɗu mai saɓa ƙafiya a na uku, na biyun kuma duk "ci". Tsaya a ɗaya.

Malamin Tarihi: Shekarar ce hujjata, ba zan cire ta don kari ba.

Mai Aruli: To ka rubuta zube, ranka ya daɗe.

Baba Na Kwari: Ita ma ai ta sa 1735, ba ka tanka ba!

'Yar Gusau: Kwana biyu ban leƙo ba. Na karɓi gyaran shekara, Malam. Ɗan Kasuwa, naka ya iso:

Gwaninka Whitefield ya yi wa bayi wa'azi, gaskiya,
Sun yi kuka, sun karɓa da zuciya,
Shi kuma ya nemi a halatta bauta a Jojiya,
Ya mallake su, ya lissafa su cikin dukiya.