Likita ta ce in yi gwajin suga na shan ruwan gulukos, dole ne?

Maman Khairat:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah tambaya gare ni. Cikina ya shiga sati 25, da na je awo sai likita ta rubuta min wani gwaji wai na suga, ta ce in zo da sassafe kar in karya, za a ɗebi jini sannan a ba ni ruwa mai zaƙi in sha in zauna awa biyu ana sake ɗiba. To ni abin da ya ɗaure min kai duk zuwan da nake yi ana gwada fitsari kuma ba a taɓa cewa an ga suga ba, lafiyata ƙalau banda ciwon baya irin na masu ciki, a cikina na fari ma ba a yi min wannan ba. Abin da kawai na faɗa mata shi ne babanmu yana da ciwon suga, kuma Khairat kilo 4.2 aka auna ta ranar da na haife ta. Maigidan cewa yake neman kuɗi ne kawai irin na asibiti. Shin dole ne? Kuma wannan zaƙin ba zai taɓa yaron ba?

Uwar Gida:
Wa alaikumus salam. 'Yar nan mu da muka yi haihuwarmu ba mu san wani ruwan zaƙi ba, kuma ƙaton jariri ai abin alfahari ne, alama ce uwa ta ci ta ƙoshi. Tunda fitsari bai nuna komai ba ki kwantar da hankalinki, ki dinga shan ruwan shuwaka. Allah Ya sauke ki lafiya.

Sista Mai Awo:
Hajiya Allah Ya ƙara girma, amma a nan kam zan ɗan saɓa miki. Maman Khairat ki je ki yi, abubuwa biyun nan da kika faɗa wa likita su ne ma dalilin, mahaifi mai suga da haihuwar jaririn da ya kai kilo 4 suna cikin manyan alamun da muke dubawa, sai ƙiba, shekaru sun haura 35, ko an taɓa haihuwar ɗa ba rai ba a san dalili ba.

Yadda abin yake, mabiyiya tana fitar da wasu sinadarai da suke hana insulin ɗin jikinki, wato sinadarin da ke sauke sugan jini, aiki sosai, kuma ƙarfinsu yana ƙaruwa ne yayin da ciki ke tsufa, shi ya sa ake gwajin tsakanin sati 24 zuwa 28. Yawancin mata jikinsu yana ƙara yawan insulin ya cike giɓin, wasu kuma ya gaza sai suga ya taru a jini, kuma mafi yawansu ba sa jin komai wallahi, wadda ma ta ji yawan fitsari ko ƙishirwa sai ta ce ai ciki ne. Maganar fitsari kuwa kar ki dogara da shi ko kaɗan, ƙodar mai ciki tana iya zubar da suga alhali jininta daidai yake, wata kuma jinin ya hau amma fitsarin ya fito fes.

Gwajin kansa gram 75 ne na gulukos ake damawa a ruwa kamar kofi ɗaya ki shanye cikin minti biyar, sugan da ke ciki bai wuce na kwalbar lemo biyu ba, ba abin da zai yi wa yaro. Jini sau uku ne, kafin ki sha, bayan awa ɗaya, bayan awa biyu. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013, na farko idan ya kai 5.1, ko na awa ɗaya ya kai 10.0, ko na awa biyu ya kai 8.5, ko da guda ɗaya ne ya kai to an samu sugan ciki. Wasu lab ɗin da manyan lambobi suke rubutawa, 92 da 180 da 153, duk ɗaya ne, ninkawa ake yi da 18.

Shi kuma ƙaton jaririn da ake murna da shi, sugan uwa ne yake tsallakawa gare shi yana tara kitse, ranar haihuwa kai ya fito kafaɗa ta maƙale, ko a ƙare a tiyata, ko bayan an yanke cibi sugan jaririn ya faɗi ƙasa, ita uwar kuma haɗarin hawan jini da jijjiga ya ƙaru. Ruwan shuwaka ba ya maye gurbin gwaji.

Ummu Sadiq:
Ni an yi min kuma an samu, bari in faɗa miki gaskiya ruwan nan zaƙinsa har maƙogwaro, ga shi ciki ba komai, tashin zuciya kam sai kin daure domin idan kika yi amai an ɓata sai a sake wata ranar. Ki tafi da abin karyawarki a jaka da wadda za ta raka ki, kuma zama za ki yi waje ɗaya ba yawo, ni har tsawa nas ta yi wa wata da ta ce bari ta leƙa kasuwa ta dawo lol. Bayan an gano nawa ba a ma kai ga allura ba, abinci aka gyara min, na bar lemo da maltina da zoɓo mai suga da shayin nan mai kauri, tuwo malmala ɗaya ƙarama miya da ganye su fi yawa, wake, ƙwai, kifi, zogale, sai ɗan tattaki bayan cin abinci, na sayi na'urar huda yatsa ina gwadawa a gida ina rubutawa a littafi. Abin da ya fi ba ni wahala kunu da fura ne, ana ganin kamar ba komai amma suna ɗaga shi sosai. Wata da muke awo tare ita sai da aka ɗora ta a kan insulin kuma ta haihu lafiya.

Maman Khairat:
Na gode ƙwarai Allah Ya saka da alheri, na nuna wa maigidan ya yi shiru. Sista to in rage tuwo da shinkafa daga yau kenan don sakamakon ya yi kyau? Kuma in an samu shikenan na zama mai ciwon suga har abada?

Sista Mai Awo:
A'a kar ki rage komai, ki ci abincinki yadda kika saba aƙalla kwana uku kafin ranar, masu yunwatar da kansu su ne ma sakamakonsu yake fitowa a birkice. Daren gwajin kawai ki tsaya da ci, awa 8 zuwa sama, ruwa zalla ba laifi amma ban da shayi ko dabino ko cingam. In kina shan wani magani ki faɗa musu tun kafin a fara.

Na biyun kuma, yawanci da mabiyiya ta fita sugan yake sauka, sai dai ana so a sake gwajin sati 6 zuwa 12 bayan haihuwa, wato ki haɗa shi da fitar arba'in don kar ki manta, daga nan kuma duk shekara ɗaya zuwa uku, saboda wadda ta yi sugan ciki ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da na dindindin nan gaba, balle ke da yake akwai a gida. Kuma a yi hankali da kunun jego da ake zuba wa suga da zuma ba lissafi. Ki tambayi lab ɗin ko su suke bayar da gulukos ɗin ko ke za ki sayo, wurare sun bambanta.

Maman Khairat:
To shikenan, gobe zan kira su in ji, Litinin in sha Allah zan je.