Wane suna za mu sa wa bindigar da ake cika ta ta baki?

Mai neman kalma: Jama'a, assalamu alaikum, a taimaka da kalma. Maharban Amurka suna da wata bindiga da suke kira muzzleloader. Ba a karya ta ta baya a sa harsashi. Ta baki ake zuba mata albarushi, a ɗora harsashi, a danna da sanda har ya zauna daram a kan albarushin. Akwai doguwa, akwai gajera ta hannu, kuma da ita suke farautar barewarsu mai farar wutsiya. A jihar Pensilbaniya an ware wa masu irin wadda ake ƙyasta wa wuta da dutse lokacin farautarsu bayan Kirsimeti, kuma in gajera ce, doka ta ce faɗin raminta kada ya gaza rabin inci. Me za mu kira ta?

Baba maharbi: Wa alaikumus salam, ɗana. Wannan ai ba baƙuwa ba ce. Adaka ce. Wasu su ce bindigar toka, wasu baushe, masu tsiya kuma su ce harbi-ka-ruga, don in ka kuskure nama ba ka da na biyu sai ka tsaya ka sake cikawa.

Malama mai fassara: Baba, Allah ya ƙara girma, ban ƙi taka ba. Sai dai duk wanda ya ji adaka, ƙirar maƙeran gida ce za ta zo masa a rai. Ta Amurka kuwa a masana'anta ake ƙera ta, kuma an zana mata layuka masu murɗiya a cikin bututu don harsashi ya fita yana juyawa. Tun da wani maƙerin bindiga ɗan Amurka, Tony Knight, ya fito da samfurinsa a 1985, wasunsu in ka gan su ba ka bambanta su da bindigar zamani. Abin da ya haɗa su da adaka ɗaya ne: ɗura musu ake yi ta baki. Ni dai na ce "bindigar ɗuri". Gajerar kuma "ƙaramar bindigar ɗuri". Adaka ta zama iri ɗaya a cikinsu.

Baba maharbi: To, 'yata, ɗura bindiga dai haka muke cewa tun muna yara. Na yarda.

Mai neman kalma: Madalla. Ga wadda ta fi ba ni ciwon kai. Albarushi da harsashi duk da wani ma'auni suke auna su wanda suke kira grain. Na so in rubuta "ƙwaya".

Malama mai fassara: Kul, ɗan'uwa! In ka rubuta "ƙwaya 40 na albarushi", wani zai zauna ya ƙirga ƙwayoyi 40 da yatsa. Ma'aunin nauyi ne, kusan kashi ɗaya cikin 15 na giram, kuma 7,000 ne suke cika laba ɗaya. A bar shi "giren" yadda muka bar giram da inci. Akwai ma wani tarko a ciki. Harsashi da nauyi ake auna shi, amma albarushi a wajen maharban nan da ɗan bututun tagulla mai lambobi ake ɗibarsa, awon mudu ke nan ba na sikeli ba. Wannan ya ƙara muhimmanci da aka samu madadin albarushi irin Pyrodex na kamfanin Hodgdon, wanda ya fi baƙin albarushi rashin nauyi. In ka auna shi a sikeli ka kai lambar da aka rubuta, ka zarce awo. Don haka adadin da ake zubawa a harbi ɗaya na kira shi "awon albarushi", kalmar da kanta tana nuna yadda ake yi.

Baba maharbi: Mu da tafin hannu muke awo. Amma ina tambaya, gajerar bindiga za ta kayar da barewa?

Malama mai fassara: Daga kusa ne kawai, Baba, kuma a nan gardamarsu take. Gajeren bututu ba ya ƙone albarushi mai yawa. In aka ƙara, ragowar a wuta da hayaƙi take fita. Shi ya sa suke zaɓen mai laushi, wanda suke yi wa alamar FFFg, don ya fi saurin ci. Harsashi kuma iri uku ne. Akwai dunƙulen dalma da ake naɗewa a ƙyalle mai maiƙo, na rabin inci nauyinsa wajen giren 180 ne, kuma da wuri yake rasa gudu. Akwai dogo mai tsini, jikan wanda Minié na Faransa ya ƙera a 1849, ya fi nauyi, ya fi shiga jiki. Sai siriri da ake sa wa gidan roba don ya cika rami, gidan ya faɗi da zarar sun fita daga baki. Wanda za ka ɗauka, murɗiyar bututunka ce za ta gaya maka: mai murɗawa a hankali ta dunƙule ce, mai saurin murɗawa ta dogon harsashi. Albarushin zamani marar hayaƙi kuwa ba a kusantar da shi ga bindigar da ba don shi aka ƙera ta ba, fasa ta yake yi a hannun mai ita.

Mai neman kalma: Dunƙule da mai tsini sun zauna. Gidan robar nan fa? Sunansa sabot, takalmin katako ke nan a Faransanci. Mu ce "takalmin harsashi"?

Baba maharbi: A'a, ɗana. Kube ne. Wuƙa ma in za ta yi aiki barin kubenta take yi.

Malama mai fassara: Kube ya fi daɗi a kunne, Baba, amma ina tsoron a ɗauka kwanson harsashin zamani ake nufi. Ɗan'uwa, rubuta "kuben roba" tukuna, ka karanta wa wani ɗan sintiri ba tare da bayani ba, ka zo mana da abin da ya fahimta.