Don Allah masu sani: yoga motsa jiki ne ko wani addini ne? Surukata ta kama ni ina yi

Uwar Biyu, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum ƴan uwa, ya sanyi. Tambaya gare ni amma sai kun yi haƙuri don labarin da ɗan tsawo. Ni tela ce, shekara tara kenan ina kan keke, kuma duk wanda ya san ɗinki ya san watan Disamba ba mu da barci, biki nan biki can, anko kala-kala, kowace na son nata kafin Juma'a. To bana abin ya taɓa ni sosai, bayana tun daga ƙugu har wuya kamar an ɗaure da igiya, dare ya yi in kwanta barcin kuma ya ƙi zuwa, ina kwance ina lissafin atamfar wance da leshin wance. Ƙanwata da ke karatu a Aliero ita ta turo min bidiyon wata ba'indiya tana yoga, ta ce Yaya ki gwada minti goma kullum, a ƙarshen bidiyon kuma matar na cewa a zauna a rufe ido a ƙulla niyyar abin da ake so a sabuwar shekara. Na ce to ga Janairu ta kama bari in fara da ita.

Kwana huɗu na yi lafiya lau. Ran na biyar da hantsi na shimfiɗa tabarma a tsakar gida daidai inda rana ke bugawa saboda sanyi, na haɗa tafin hannu na ɗaga sama sannan na duƙa kamar yadda matar ke yi, sai ga Inna mahaifiyar maigidana ta shigo. Ta yi salati ta ce "ke, rana kika koma yi wa sujada?" Wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce motsa jiki ne Inna, ta ce ita tun tana yarinya take daka da surfe ba ta taɓa ganin motsa jikin da ake rufe ido ba. Maigidan ya sha dariya amma ya ce in tambaya tukuna. To shi ne nake tambaya, ya halatta? Kuma wannan zaman rufe idon da suke ce wa meditashin yana da wani amfani ko ɓata lokaci ne? Sannan ni duk shekara sai na ɗau niyya, kafin Fabrairu ta ƙare na manta ma me na ce.

Bakabe, Argungu:

Wa alaikumus salam Anti. Kar ki ji haushi amma Inna ba ta yi nisa da gaskiya ba hhhh. Ni a Indiya na yi karatun gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, na zauna da su shekaru. Wancan jerin da kika kwatanta, a haɗa hannu a ɗaga sama a duƙa, sunansa Surya Namaskar, ma'anarsa gaisuwa ga rana, tsayuwa 12 ne a jere, kuma Surya ɗin abin bauta ne a addinin Hindu. Ke kuma sai kika je kika yi shi a cikin hantsi kina kallon ranar, ai dole tsohuwa ta yi salati.

Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Kalmar yoga daga harshen Sanskrit take, asalinta haɗawa ko ɗaurawa, kuma can asali hanya ce ta ibada da horar da rai, miƙe-miƙen jikin wani yanki ne kawai a ciki. Abin da ya bazu a duniya yanzu galibi miƙe-miƙen ne, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga, an fara a 2015. Mu a asibiti motsi da yawa da muke koya wa masu ciwon baya su ne dai waɗannan, ba mu kiran sunan kowa. Ki gwada guda uku a ɗaki. Ki durƙusa kan gwiwa da tafin hannu, ki turo bayanki sama kamar mage ta ga kare, sannan ki sake shi ya lotsa, a hankali sau goma. Na biyu ki zauna kan dugaduganki ki miƙa hannu gaba goshi a ƙasa ki yi numfashi biyar. Na uku ki kwanta rigingine ki jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji ki riƙe sakan ashirin ki canza. Da sanyin nan kar ki fara jiki a sandare, ki ɗan zazzaga gida tukuna. Kuma gaskiyar magana minti goma da safe ba zai biya bashin awa tara a kan keke ba, ki riƙa tashi duk bayan rabin awa ko da zare za ki ɗauko. In ciwon na sauka ƙafa, ko ƙafar na mutuwa, ki bar bidiyo ki je asibiti a duba.

Almajirin Gwandu:

Malama Allah shi ƙara lahiya. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, almajiri nike, amma wagga magana malamai sun tattauna ta a wasu ƙasashe. A 2008 majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana Musulmi yin yoga saboda abubuwan ibadar Hindu da ke cikinta. A 2009 majalisar malaman Indunusiya ta rarrabe, sunka ce wadda ke da ambaton kalmomin bautarsu ba ta halatta ba, wadda motsa jiki ce zalla ba laihi. Saudiyya kuma tun 2017 ta sa ta cikin wasannin motsa jiki. Kin ga ke nan abin lura shi ne mi aka hwaɗi da baki, mi aka ƙudurta a zuci. In matar ta ce ki ce "Om", wadda kalmar bautarsu ce, ko ki gode ma rana, ko ki roƙi duniya ta kawo maki abin da kike so, nan ki tsaya. Ki ɗauki miƙewar ki bar masu sauran.

Batun zama shiru kuwa abin mamaki na mu je Indiya neman abin da ke cikin gidanmu. Tafakkuri da muraƙaba da zikirin safiya da maraice duk mi ne? Allah Ya ce da ambatonSa zukata ke natsuwa, ki duba Suratur Ra'ad aya ta 28. Niyya ma hadisin farko da ake koya ma yaro a Islamiyya shi ne ayyuka na tare da niyya. Abin da ke kashe taki niyyar kuma akwai hadisin Nana A'isha, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda anka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Ki gaida Inna, ki ce mata wani almajiri ya ce idonta na gani.

Ƴar Gusau:

Malam na yarda da kai amma bari in ɗan ƙara, don wani lokacin bakin na zikiri zuciyar na kasuwa. Ni malamar makaranta ce, kuma kun san halin da muke ciki a Zamfara, in naka ya kama hanyar Funtuwa ba ka da sukuni sai ya kira ya ce ya sauka. Akwai shekarar da barci ya gagare ni kwata-kwata, ina jan carbi ƙirjina na bugawa. Wata ma'aikaciyar jinya ƙawar yayata ce ta koya min numfashi, ki ja ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake a hankali kina ƙirga shida, ta ce fitar da numfashi a hankali shi ke rage gudun zuciya. Minti biyar. Tunani zai zo, zai zo kam, na kuɗin makaranta na cefane na wanda ya ɓata miki rai, ba kokawa za ki yi da shi ba, kin lura hankalinki ya tafi sai ki dawo da shi kan numfashin, ya sake tafiya ki sake dawo da shi, to meditashin ɗin kenan ba wani tsafi. Ni sai na yi shi sannan in fara azkar, kuma wallahi sai a lokacin nake jin me nake faɗa.

Niyya kuma Yaya matsalarmu lodi muke yi, zan sauke Alƙur'ani duk wata, zan rage ƙiba, zan yi adashi, zan daina faɗa da yara, duk a dare ɗaya. Ni bara abu ɗaya na ɗauka, kuma na ɗaura shi a jikin abin da ba na fashinsa, wato ba zan naɗe darduma bayan asuba ba sai na yi numfashina. Na yi fashi ba adadi, da azumi ma na watsar gaba ɗaya sai bayan salla na dawo, amma har yau ina yi.

Manomin Jega:

Ku dai kuna da lokaci. Wanda bayanshi ke ciwo shi zo fadama shi yi dashen shinkafa kwana biyu da wanga sanyi, duƙawar da za shi yi ko ba'indiye sai ya sara mai. Kuma wai yaushe Janairu ta zama sabuwar shekararmu, ni Muharram na sani da cika-ciki, sai kuma ranar da ruwan farko ya sauka.

Bakabe, Argungu:

Baba Manomi ai ku ne kuka fi cika mana layi da ciwon ƙugu bayan dashe, kar ka sa in tona.

Uwar Biyu, Birnin Kebbi:

Kai na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na goge bidiyon gaida ranar, na koma ɗaki da guda ukun nan na Bakabe, yau kwana uku, na magen nan har ƙara bayana ke yi. Numfashin Ƴar Gusau na gwada jiya bayan isha'i, ban kai minti biyar ba tunanin wani leshi da na yanka ba daidai ba ya ɗauke ni, amma zan ci gaba. Malam na isar da gaisuwarka, Inna ta ce ka yi albarka, sai dai har yanzu ita ta tsaya a kan sanyi ne ya shige ni, ɗazu ma ta aiko yaro da man zafi da ƙullin citta da kanumfari. Bakabe tambaya ɗaya ta rage, kujerar roba nake zama a kai in ina ɗinki, in ɗora filo ya isa ko in sa kafinta ya yi min benci daidai tsayin keken?