Labarin yara a kan yaƙin Bama: in kai yaron filin daga ko in bar shi a gida?

Malama Asabe:
Assalamu alaikum. Ina shirin rubuta ƙagaggen labari don 'yan aji biyar da shida na firamare, a kan sojojinmu da aka kai ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, a Yaƙin Duniya na Biyu. Tauraron labarin ɗan shekara 11 ne. Abu biyu suka ɗaure mini kai: in bi da shi har filin daga, ko ya zauna a gida? Sannan yaya ake nuna wa yara mutuwa ba a firgita su ba, ba kuma a yi musu ƙarya ba?

Malam Garba:
Wa alaikumus salam. Malama, ki bar shi a gida. An samu samari da suka ƙara wa kansu shekaru suka shiga soja, amma ɗan shekara 11 a dajin yankin Arakan na Bama ƙarya ce da ba ta ɗinkuwa. Ko da kin kai shi, ɗan kallo zai zama, manya na yi yana raɓe. Yaro mai karatu kuwa so yake ya ga tsararsa ya yanke shawara, ya yi kuskure, ya gyara.

Gidan ma ai yaƙin ya iso shi. Tun 1940 ake harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana, su bi ta Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, su wuce Khartum zuwa Masar. Yaron da ke kiwo a gefen filin jirgin Kano zai gan su da idonsa. Gishiri ya yi wuya. Daga 1942 aka riƙa tilasta wa mutane zuwa haƙar kuza a Jos, dagatai ne ke kawo su. Ko wannan kaɗai ya isa labari: wan yaron ya tafi soja, an zo ɗaukar uba zuwa kuza, wa zai yi noma?

Wan nasa ki sa shi a Runduna ta 81 ko ta 82 ta Afirka ta Yamma. Ta 81 ta tashi a 1943, ta yi faɗa a kwarin kogin Kaladan a 1944. Ta 82 ta biyo baya, suka haɗu a Myohaung cikin Janairun 1945. Tambarin ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, na ta 82 māsu biyu ne a gicciye kan gammo. Gammon nan ba ado ba ne: dubban mutanenmu aikinsu dako ne, harsashi da abinci a ka, cikin tsaunukan da mota ba ta shiga, kayan kuma jirgi ke sako su da laima. Ni da zan zaɓa, ɗan dako zan yi wan, don shi ne aka fi mantawa.

Hajiya Binta:
Na yarda da Malam Garba. Hanyar shigo da Bama cikin gida ita ce wasiƙa, amma a nan marubuta ke zamewa. Ana tace wasiƙun soja, don haka ba zai rubuta "muna wuri kaza, gobe za mu kai hari" ba. Zai yi maganar ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku a ƙafa, da ƙwayar maganin zazzaɓi da ake tsare su su haɗiya kullum, da kewar tuwo. Yawancinsu ba su yi boko ba, wani ke rubuta musu ko su yi da ajami. Kin ga kin samar wa yaronki aiki: shi ke karanta wa uwarsa. Ranar da ya ci karo da layin da ba ya son ta ji, ya tsaya, ta ɗago kai daga tankaɗe ta ce, "Ci gaba mana." Zai karanta ko zai tsallake? Babi guda ke nan, kuma nauyin yana wuyansa.

Batun mutuwa, ki faɗe ta da sunanta: ya rasu. Kada ki ce ya yi doguwar tafiya, ɗan shekara 9 zai zauna jiran dawowarsa har shafin ƙarshe. Abin da za ki ɓoye shi ne yadda jiki ya yi. Ki nuna abin da ya saura: saƙo ya iso ta hannun hakimi, an shimfiɗa tabarmi a zaure, ga zaman makoki babu gawa. Mutuwa ɗaya ta wanda mai karatu ya saba da shi ta wadatar. In kika kashe uku, ta uku ba za ta taɓa kowa ba. Kada kuma ta faɗo a babin ƙarshe, ki bar babi biyu ko uku yaro ya ga gidan ya ci gaba da numfashi.

Tsawo: kalma 15,000 zuwa 20,000, babi 15 zuwa 18, kowanne abin da za a karanta a fili cikin minti goma. Shekara ɗaya ko biyu cikin littafi duka ta isa, sauran tarihin ki tura shi shafi biyu a ƙarshe, da taswira.

Malam Sani:
Hajiya, ban da taswirar nan a ƙarshe, a gaba za a sa ta. Yaron yau in ya ji Bama, ta Barno zai kawo a ransa. Tun babin farko a sa wani ya yi wannan kuskuren, a gyara masa: ƙasa ce gaba da Indiya, yanzu Myanmar ake ce mata, makonni ake yi a teku daga Ikko kafin a isa Bombay. Na biyu, tsofaffi na cewa "yaƙin Hitila", amma a Bama da Japanawa aka gwabza, ba Jamusawa ba.

Ki kula da ƙananan kaya, su ke tona asirin marubuci. Babu naira sai 1973. Kuɗin lokacin fam ne da sule da sisi da taro da kwabo da anini, kwabo 12 ke yin sule. Babu rediyo a ɗakin talaka, babu bokitin roba, babu leda. Labari na zuwa ta bakin sankira, ko ta Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, mutum ɗaya na karantawa goma na saurare. Kada kuma ki dawo da sojan washegarin da Japan ta miƙa wuya a Agustan 1945. Jiran jirgin ruwa ya riƙe yawancinsu har 1946, wata da watanni gida ana cewa yaƙi ya ƙare amma ba a ga kowa ba.

In ɗaliban naki 'yan Kaduna ne, ki tambaye su inda barikin Dalet da na Kalapanzin suka samo suna. Wurare ne a Arakan.

Malama Asabe:
Allah ya saka da alheri. Zan bar shi a Kano, wan kuma ɗan dako. Hajiya, layin da bai so ya karanta ɗin nan, in sa uwar ta gane ya tsallake, ko sai wan ya dawo asiri ya tonu?