Neman kalma: motar da ta tsufa amma ba akwala ba

Mai Fassara:
Assalamu alaikum. Ina da aiki a hannu, gobe da hantsi za a ɗauki murya, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Shiri ne na minti 20 kan yadda ma'aikatan taskar hotuna suke gane irin mota da shekarar ƙirarta daga tsohon hoto mai baƙi da fari. Mai bayanin yana ta juya kalmomi uku, "veteran" da "vintage" da "antique". Na sa musu "tsohuwar mota" gaba ɗaya, sai na iso inda yake cewa wannan ba "vintage" ba ce, "veteran" ce. Kun ga in na bi abin da na rubuta, mai karatu zai ce wannan ba tsohuwar mota ba ce, tsohuwar mota ce. Ina kuma neman sunan ragar nan ta gaba, da katakon gefe da ake takawa a shiga, da ɗan mutum-mutumin da ake kafawa a kan murfin lagireto.

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam, Malama. Mu dai a gareji akwala muke cewa.

Mai Fassara:
Baba, har da Rolls-Royce fa a ciki.

Tsohon Bakanike:
Ita ma in ta shekara a kan dutse ba taya, akwala ce. Amma na gane nufinki. Katakon gefe mataki ne, wannan ba sai an tara jama'a ba. Gaban kuma fuska muke cewa. In mota ta yi karo za ki ji an ce ta fasa fuska.

Ɗan Taska:
Malama, kafin a shiga ƙirƙira, waɗannan kalmomi shekaru suke ɗauke da su, ba yanayin jikin mota ba. A Ingila "veteran" ita ce wadda aka ƙera kafin 1905. Da wannan sharaɗi ake shiga jerin gwanon nan na Landan zuwa Brighton da ake yi a watan Nuwamba, don tunawa da fitar da masu mota suka yi a 1896 lokacin da aka sassauta musu dokar gudu. Daga 1905 zuwa 1918 suna jingina motar ga zamanin Sarki Edward, duk da ya rasu tun 1910. "Vintage" kuma daga 1919 zuwa 1930. A Amurka lissafin daban ne: babbar ƙungiyarsu ta masu irin waɗannan motoci, AACA, wadda aka kafa a 1935, tana karɓar duk motar da ta kai shekara 25 a matsayin "antique". Ƙungiyar duniya ta FIVA ta sa shekara 30. Wato su ma masu abin bakinsu bai zo ɗaya ba. Shawarata ki nemo kalma ɗaya ta gaba ɗaya, ki bar shekarun su yi sauran aikin.

Alƙalami:
Kalmar tana nan, ba a duba ba ne. Bahaushe ya raba tsoho da dattijo. Tsoho shekaru ne kawai, dattijo shekaru ne da mutunci. Don haka "dattijuwar mota". Ta kafin 1905 kuwa "kakar mota". Na daɗe ina amfani da su a rubutuna, babu wanda ya taɓa ce mini bai gane ba.

Uwar Ɗaki:
Babu wanda ya ce bai gane ba, ko babu wanda ya karanta? Wasa nake, Malam. Ni "motar dauri" ta fi kwanta mini. Muna cewa mutanen dauri, zamanin dauri. Babu raini a ciki, babu yabo.

Hannun Hagu:
"Motar tarihi" fa? Tunda muna cewa kayan tarihi.

Uwar Ɗaki:
Mai sauraro zai zaci motar da wani sarki ko shugaba ya hau ce. Ba kowace tsohuwa ce ta kafa tarihi ba. Ford ya ƙera Model T sama da miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927, da yawa daga cikinsu manoma da ƙananan 'yan kasuwa suka ɗauka.

Alƙalami:
"Dauri" lokaci yake nunawa, ba daraja ba. Buhun gawayi ma na dauri ne in ya daɗe. Mutumin da yake kashe dukiya yana goge mota mai shekara 100 ba don daɗewarta yake yi ba, don ƙimarta ne. "Dattijuwa" ce kaɗai ta haɗa biyun.

Ɗan Taska:
Malam, nan ne zan saɓa maka, kuma saɓanin daga cikin aikin yake. Motar da take cikin hoton 1920 yawanci ba tsohuwa ba ce a ranar da aka ɗauke ta. Sabuwa ce fil, shi ya sa ma aka kira mai hoto, iyali suka jeru a jikinta, yaro ya hau mataki, maigida ya ɗora hannu a kan sitiyari yana hura hanci. Hoton ne ya tsufa, ba motar ba. In mai karatu ya ce "ga dattijuwar mota" alhali mai kallo yana ganin fenti yana sheƙi, ido da kunne sun rabu. "Motar dauri" ba ta da wannan matsala, domin jaririn dauri ma na dauri ne.

Mai Fassara:
Wannan magana ta buɗe mini ido. Bari in kwatanta muku wani hoto a shirin da ya ɗaure mini kai. Mota ce buɗaɗɗiya mai rumfar tamfol, an naɗe rumfar baya. Wili mai sandunan katako. Fitilu biyu zagayayyu a gaba, gilashin gaba a miƙe tsaye. Fuskar baƙa ce ƙirin, ga ƙarfen murɗa inji yana reto a ƙasanta. Maza uku a tsaye, mace ɗaya a kujerar baya da babbar hula. Sitiyari yana dama. Mai bayanin ya ce Ford ce, amma ya daɗe yana jan magana a kan sitiyarin, ni kuma ban kama abin da yake nufi sosai ba.

Ɗan Taska:
Model T ce kusan tabbas, kuma kin ba mu abin da za a taƙaita shekarun da shi. Har zuwa ƙirar 1916 lagireton Model T na tagulla ne, yana ƙyalli, kusurwoyinsa a fili. Daga ƙirar 1917 aka rufe shi da baƙin ƙarfe. Gilashin gaba na buɗaɗɗiyar ya kwanta baya kaɗan daga ƙirar 1923. Fuska baƙa, gilashi a tsaye: tsakanin 1917 da 1922 ke nan. Kin ga iyakar 1919 ta ratsa tsakiya, don haka ko Bature ba zai rantse "vintage" ce ba sai ya ga wata shaida.

Sitiyarin kuma abu biyu ne. Model T ta Amurka sitiyarinta a hagu yake. In yana dama, ko dai ƙirar Ingila ce, don Ford ya buɗe masana'anta a Trafford Park da ke Mancesta a 1911, ko ta Kanada da ake kai wa ƙasashen da ke tuƙi a hagun hanya, ko kuma an kifa fim ne wajen wanke hoton, hagu ta koma dama. Duba lambar motar. In haruffan a juye suke kamar a madubi, magana ta ƙare. In ba a ganin lamba, duba kwat ɗin mazan: ɓarin hagu ke hawa kan na dama. In kika ga akasin haka a jikin maza uku, ba telansu ne ya yi kuskure ba.

Mai Fassara:
La ilaha illallahu. Na tsayar da hoton na ƙara girmansa. Lambar a juye take. Abin da yake faɗa ke nan, ni kuma na fassara shi da "an juya motar".

Tsohon Bakanike:
Da an ji kunya gobe.

Alƙalami:
Madalla. Amma ku duba yadda kuke magana: sitiyari, lagireto, wili, fenti, tamfol. Kayan aro ba ya rufe katara. Muna da harshen da mutane miliyoyi ke magana da shi, a ce ba za mu iya raɗa wa ƙarfe suna ba? Lagireto ai "masanyaya" ce, sitiyari "akala". In gidajen watsa labarai ba su fara ba, wa zai fara?

Hannun Hagu:
Malam, ita "mota" da ka liƙa wa dattijuwa daga ina ta zo? Kuma sunan da kake rubutu da shi Larabci ne. Me ya sa aron Larabci ado ne, aron Turanci abin kunya?

Alƙalami:
Wanda ya shekara ɗaruruwa a gida ya zama ɗan gida. Ba a haɗa shi da baƙon jiya.

Tsohon Bakanike:
Malam, da girmanka. Na fi shekara 40 ina kwance lagireto ina ɗaurawa. Yarana da ba su taɓa shiga aji ba lagireto suke cewa, kuma Bature in ya ji ba zai gane kalmarsa ba ce, don mun tauna ta ta zama tamu. Ka je gareji ka ce masanyayarka tana yoyo, za a nuna maka mai gyaran firji. Ku masu boko kuna raɗa suna a ofis, mu da muke shafa baƙin mai ba a tambayarmu, sai an buga a takarda a zo a ce mu ne ba mu iya Hausa ba.

Alƙalami:
Ban raina sana'arka ba, Baba. Amma da kowa ya tsaya a kan abin da ya tarar, da babu "jirgin sama", da babu "na'ura mai ƙwaƙwalwa".

Hannun Hagu:
Wadda kowa yake kira kwamfuta.

Uwar Ɗaki:
Jama'a, baiwar Allah nan gobe take da aiki. Saura mutum-mutumin kan lagireto. Ni na ce "zanko", kamar na zakara. A saman kai yake, don ado yake, kuma da shi ake gane mai shi daga nesa.

Ɗan Taska:
Zanko ya yi mini, amma a raba shi da tambari. Tambari shi ne alamar kamfani da take manne a fuska: kusurwa biyu na Citroën tun 1919, zakin Peugeot, tauraro mai tsini uku na Mercedes. Zanko shi ne abin da yake tsaye a kan murfi, kamar matar nan mai mayafi a baje ta Rolls-Royce da aka fara sawa a 1911. A wajen aiki ba ma yarda da zanko sosai, domin a wancan zamani mutane suna sayen nasu su ɗaura, wani ma ma'aunin zafin ruwa ne yake kafawa a wurin. Siffar fuskar ta fi gaskiya. Ta Bugatti kamar takalmin doki take. Ta Morris daga 1913 zuwa 1926 zagayayya ce har ake mata laƙabi da hancin bijimi. Renault ta wancan zamani ba ta da raga a gaba sam, bonet ne ya gangaro ƙasa, lagireton yana bayan inji. Pierce-Arrow kuwa fitilunta daga jikin murfin taya suke fitowa, da ka gani ka gama.

Abu ɗaya kuma, Malama, in ya zo a rubutunki: kada ki ce "baƙar mota" don kin ga baƙi a hoto. Fim ɗin wancan lokaci ba ya ganin ja sosai, jar mota baƙa take fitowa, shuɗiya kuma ta yi fari-fari. Model T daga 1914 zuwa 1925 baƙa ce da gaske, amma sauran sai a yi hattara.

Alƙalami:
Zanko Hausa ce tsantsa, kuma babu wanda ya ce a kai ta gareji a tambaya. Ashe ana iyawa in an so.

Tsohon Bakanike:
Wannan ba mu da sunansa ne, don motocin da muke gyarawa an riga an sace nasu.

Mai Fassara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da na tsayar. Kalmar gaba ɗaya: motocin dauri. Inda ya bambanta, zan ce "ƙirar kafin 1905" da "ƙirar 1919 zuwa 1930". Jimlar da ta dame ni ta koma: "Wannan ta girmi waccan, ƙirar kafin 1905 ce." Fuska, mataki, tambari, zanko, duk na ɗauka. Lagireto da sitiyari suna nan yadda suke. Malam Alƙalami, akwai wuri ɗaya a ƙarshe da aka nuna wata mota mai shekara sama da 100 tana tafiya a titi yau, mutane suna ɗaga mata hannu. A nan na sa "dattijuwar", don a nan kam ta dace.

Alƙalami:
Sau ɗaya a minti 20. To, ba laifi. Amma ban janye ba, "ƙirar kafin 1905" bayani ne, ba suna ba. Ranar da za ki fassara littafi guda a kan wannan, za ki dawo neman "kakar mota".

Hannun Hagu:
Ni har yanzu "dauri" tana mini kama da maganar tsofaffi. 'Yan shekara 20 za su gane kuwa?

Uwar Ɗaki:
Hoton yana gabansu, za su gane.

Mai Fassara:
An ɗauka ɗazu. Mai karatun yaro ne, sau uku yana cewa "motocin ɗauri", sai da na tsayar da shi na ce ba fursunoni aka ɗauko ba. Zanko ya wuce lafiya. Mai tace shirin ya goge "dattijuwar" ya ce jimlar ta yi tsawo, na roƙe shi ya mayar, ya ce sai ya ga yadda lokacin ya kama. Ɗan Taska, akwai kashi na biyu mako mai zuwa, duk a kan lambobin mota ne da fitilun da ake kunnawa da ashana. Kada ka yi nisa.